Dalilan Da Kan Hana Kwamfuta Tashi Bayan An Sauya Wa Babbar Manhaja Mazauni

1. Asalin magana

Kwamfuta ta zama kayan aikin yau da kullum a birnin Daura da sauran garuruwan masarautar, watau Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Tun shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, kowane ɗalibi mai neman wucewa gaba da sakandare sai ya zauna gaban wannan na'ura. Ga kuma manyan makarantun da ke garin, kamar Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019. Duk inda makaranta irin waɗannan ta kafu kuwa, ba a daɗewa sai shagunan buga takardu da na gyara su biyo ta.

Da yawa daga cikin na'urorin da ke waɗannan shaguna na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso. Faifan ajiyarsu irin mai juyawa ne, wanda zafi da yawan ɗaukewar wuta kan gaggauta tsufansa. Saboda haka mutane suka juya ga sabon faifai marar juyawa, wanda a ke kira SSD, gama ya fi sauri nesa ba kusa ba. Har ila yau kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta kowa da kowa daga Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, daga Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025, abin da ke sa masu na'urori sake tsarin faifansu, ko zaunar da manhaja biyu a faifai guda.

Mai shago ba ya son a zuba masa manhaja sabuwa fil, domin shekaru ya yi yana tara kayan aikinsa cikin tsohuwar, sauko da su daga intanet kuwa kuɗi ne. Sai ya ce a kwafe masa tsohuwar yadda ta ke, a kai ta sabon wuri. A kwafe, a duba a ga kome ya je, a kunna, na'ura ta ƙi tashi. A nan ne hasara kan auku. Wani mai gyara ya ce ba makawa sai an yi fomatin, watau a shafe kome, a tafi da takardun jama'a, har da kundin ɗalibin da ya yi wata da watanni yana rubutu. Wani kuwa ya ɗauki na'urar zuwa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, ko Kano, kimanin kilomita 120. Alhali kuwa galibi ba abin da ya ɓace. Manhajar tana nan lafiya lau, kwatancen inda ta ke ne ya tsufa. Wannan takarda za ta bayyana yadda haka ke faruwa, da yadda a ke gane inda matsalar ta ke, da yadda a ke gyara ta ba tare da an shafe kome ba.

2. Sunayen da za a yi aiki da su

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita sunaye. Babbar manhaja ita ce mai riƙe da ragamar na'ura duka, sauran manhajoji a ƙarƙashinta su ke aiki. Windows da Linux su ne misalanta da aka fi sani. Faifai shi ne ma'ajiyar da kome ke zaune a ciki ko an kashe wuta. An yanka shi ƙanana-ƙanana daidai wa daida, kowane yanki za a kira shi gurbi. Bisa al'ada gurbi guda yana ɗaukar bayit 512, kowanne kuma da lambarsa, daga sifiri har zuwa ƙarshe.

Faifai guda a kan raba shi kashi-kashi, abin da masu gyara ke kira fatishan. A nan za a kira shi sashe, jam'insa sassa, domin kamarsa ɗaya da sassan babban gida: katanga guda ta kewaye su, amma kowanne da ƙofarsa da masu zama cikinsa. Rubutun da ke nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare shi ne jadawalin sassa.

Akwai wata 'yar manhaja wadda ba ta cikin faifai sam, tun a masana'anta aka dasa ta jikin babban allon na'ura. Za a kira ta dasasshiya, iri biyu ce kuwa: tsohuwa, BIOS, da sabuwa, UEFI. Sai jagora, watau ɗan ƙaramin shirin da ke faifai, wanda ba shi da aiki sai nemo babbar manhaja ya tashe ta. Sai ƙwaya, wadda ita ce cibiyar babbar manhaja, ita ce kuma ta farkon tashi daga cikinta. Daga ƙarshe sai lambar shaida, wata lamba da a ke bai wa faifai ko sashe don a bambanta shi da 'yan'uwansa.

3. Yadda na'ura ke tashi

Baƙon da ke son ganin sarki ba ya faɗawa cikin fada kai tsaye. Ya kan tarad da dogari a ƙofa, dogari ya miƙa shi ga bafade, bafade ya nemo masa iso, sa'an nan a shigar da shi. Tashin kwamfuta ma haka ya ke, hannu da hannu: dasasshiya ta miƙa ga jagora, jagora ya miƙa ga ƙwaya, ƙwaya ta nemo sashen da sauran manhajar ta ke. Babu wanda ya riƙe hanyar duka a cikinsu, kowa na gabansa kaɗai ya sani da inda a ke samunsa. In ɗaya ya je inda aka kwatanta masa bai iske kowa ba, tafiya ta tsaya nan.

Tsohuwar hanya ta samo asali daga kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, tsarin raba faifai kuma ya biyo baya a 1983. Da an kunna, BIOS ta kan gwada kayan na'ura, sa'an nan ta ɗauko gurbin farko na faifai, wanda a ke kira MBR. A cikin bayit 512 na wannan gurbi, 446 na farko sun ƙunshi farkon jagora tare da lambar shaidar faifai, 64 na biye jadawalin sassa ne mai layi huɗu rak, 2 na ƙarshe kuwa hatimi ne. BIOS ba ta san sashe ba, ba ta san fayil ba. In ta ga hatimin sai ta miƙa ragama ta koma gefe. Wurin ya yi wa jagora kaɗan, don haka abin da ke ciki ɗan aike ne kurum. A tsarin Windows, ɗan aiken ya kan duba jadawali ya nemi sashen da aka ɗora wa alamar tashi, ya ɗauko gurbinsa na farko. A tsarin Linux, inda jagoran da aka fi aiki da shi sunansa GRUB, ya kan tafi wani fili da ke tsakanin gurbin farko da sashen farko, inda aka ajiye sauran jikinsa. Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare ba fayiloli ba ne, mai buɗe jakunkunan faifai ba zai gan su ba.

Sabuwar hanya kamfanin Intel ya faro ta cikin shekarun 1990, aka miƙa ta ga wata ƙungiyar kamfanoni a 2005, ta kuma game kasuwa daga 2012 da fitowar Windows 8. Jadawalinta, GPT, yana ɗaukar sassa 128 bisa al'ada, yana kuma iya riƙe faifan da ya wuce terabayit 2, inda tsohon jadawali ya tsaya. UEFI ta iya karanta fayil. Saboda haka a ke ware mata wani ɗan sashe, sashen EFI, mai tsarin FAT32, wanda galibi girmansa tsakanin megabayit 100 ne da 500, a zuba jagorori a ciki kamar sauran fayiloli. Amma fa jerin da ke gaya mata wane jagora za ta kira, a kuma wane sashe, ba a faifai ya ke ba, yana cikin ƙwaƙwalwar babban allo. Wanda ya kwafi faifai bai kwafi wannan jeri ba. In jerin bai kai ta ko'ina ba, UEFI ta kan gwada wata ƙofa guda da aka yi ittifaƙi a kanta, fayil mai suna BOOTX64.EFI a jakar EFI\BOOT. In nan ma ba kowa, sai ta haƙura.

Shi ma jagora da takardar kwatancensa. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, kwatancen yana cikin wani kundi mai suna BCD. A faifan MBR, kundin ya kan gane sashen Windows da abu biyu, lambar shaidar faifai da nisan sashen daga farkon faifai; a faifan GPT kuwa da lambobin shaidar faifai da na sashe. GRUB yana da fayil mai suna grub.cfg, inda aka rubuta lambar shaidar sashen da ƙwaya ta ke. Bayan ƙwayar Linux ta tashi, akwai wani fayil kuma, fstab, mai jera sassan da za a haɗa, shi ma da lambobin shaida. Ashe ke nan kwatancen ba guda ba ne, a warwatse ya ke wuri-wuri, sai kuwa duka sun yi daidai na'ura ke tashi.

4. Kwafi iri biyu da illar kowanne

Mutanen Daura ba baƙi ba ne ga zancen ƙaurar gidan sarauta. Bayan da Malam Isiyaku ya ci birnin wajen 1805, a zamanin jihadin Shehu Usmanu, zuriyar Sarkin Gwari Abdu ta zauna a Zango da Baure, sai a farkon zamanin Turawa aka komo da Malam Musa daga Zango. Ƙaura irin wannan ba ta cika da kwashe kaya kaɗai, sai hakimi da dagaci da manzo duk sun san inda za a riƙa kai gaisuwa. Kwafin manhaja kwashe kaya ne. Sanar da sabon mazauni aiki ne dabam. Shi kwashe kayan kuwa iri biyu ne.

Iri na farko shi ne kwafin fayiloli. A yanka sabon sashe, a tsara shi, a kwaso fayiloli ɗaya-ɗaya a zuba. Sa'ad da a ke tsara sabon sashe a ke raɗa masa sabuwar lambar shaida, amma grub.cfg da fstab da aka kwaso tsohuwar lamba su ke ɗauke da ita. Ban da haka, gurbin farko na faifai da filin da ke bayansa ba su zo ba, tun da ya ke ba fayiloli ba ne. A Linux wannan hanya tana yiwuwa da umurnin rsync ko cp, muddin an ce su kiyaye wane ne mai kowane fayil da irin izinin da ke kansa. In ba haka ba, na'ura tana iya tashi amma ta hana mai ita shiga. A Windows kuwa jan fayiloli da hannu ba ya haifar da manhaja mai tashi, gama da yawa daga cikinsu a kulle su ke muddin tana aiki.

Iri na biyu shi ne kwafin gurbi da gurbi, wanda a ke yi da umurnin dd, ko da manhajoji irin su Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, da Macrium Reflect. Wannan ya kan kwaso kome har da lambobin shaida. In faifai duka aka kwafa, aka cire tsohon, aka sa sabon a gurbinsa cikin na'ura guda, galibi ta kan tashi. Amma da ramuka uku a hanyar.

Na farko shi ne tagwaye. In aka bar tsoho da sabo tare cikin na'ura, ga sassa biyu da lamba guda. Linux ta kan ɗauki wanda ta fara gani, har ta yiwu mutum ya yi kwanaki yana aiki cikin tsohon faifai yana zaton sabo ne. Ranar da ya shafe tsohon, ranar zai san abin da ya yi. Windows ita kuma ta kan rufe na biyun ta ƙi nuna shi, in an tilasta mata buɗe shi sai ta raɗa masa sabuwar lamba, nan take kwatancen da ke cikin BCD ɗinsa ya lalace.

Na biyu shi ne kwafin sashe guda. Mutum ya ga babban sashen da Windows ta ke ya ɗauke shi, ya bar ɗan ƙaramin da ke gefe don ya ga kamar ba kome a ciki, alhali a nan jagora ya ke. Ko kuwa ya kai sashen wani wuri dabam a sabon faifai, nisansa daga farko ya sauya, kundin BCD yana nan yana ƙirga tsohon nisa.

Na uku shi ne girma. Faifai mai gigabayit 500 ba ya shiga mai 256 sai an fara tsuke sassansa. Wanda ya kwafa haka nan ya datse wutsiyar faifai da abin da ke cikinta. Haka kuma kwafin da wuta ta katse a tsakiya ba kwafi ba ne, ko da jakunkuna sun bayyana.

5. Gane cuta daga alamarta

Tun da ya ke tashi hannu da hannu ne, tambayar da mai gyara zai fara yi wa kansa ita ce: wa ya yi magana ta ƙarshe? Saƙon da ya fito a fuskar na'ura da Turanci ya ke, amma ko wanda bai ji shi duka ba yana iya gane daga bakin wa ya fito, kuma matsalar tana tsakanin mai maganar da na gabansa.

In na'ura ta ce "No bootable device", ko ta riƙa komawa shafin saituna da kanta, dasasshiya ce ke magana, ba ta sami jagora ba. Sai a duba ko tana ganin sabon faifan, ko kuma shi ne farko a jerin tashi. Sa'an nan a duba ko hanyar ta dace da jadawalin, gama Windows da ke faifan MBR da hanyar BIOS ta ke tashi, wadda ke faifan GPT kuwa da hanyar UEFI. Na'urori da yawa sun iya duka biyu, saitin a ke juyawa. Windows 11, wadda ta fito a 2021, UEFI ta ke bukata. A tsofaffin na'urori ya kamata a gwada ɗan batirin babban allo, mai kama da kwabo, domin in ya mutu saituna kan koma na masana'anta duk sa'ad da aka zare wuta.

In fuska ta yi baƙi, sai ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa, galibi gurbin farko ne ba kome a ciki, ko abin da ke ciki ya nufi inda babu kowa. In aka ga "BOOTMGR is missing", ɗan aike ya isa wani sashe amma ba jagora a can. Ko an bar ƙaramin sashe a baya, ko alamar tashi tana kan wanda bai dace ba.

In shuɗin shafi ya fito da lamba 0xc000000e, albishir ne, domin jagoran Windows ne da kansa ke magana. Ya tashi, kundin BCD ne ya kwatanta masa tsohon gida. Takwaran wannan a Linux shi ne rubutun "grub rescue" tare da ƙorafin cewa ba a sami wata doguwar lamba ba. Lambar nan ta tsohon sashe ce.

In tambarin Windows ya bayyana sa'an nan ta faɗi da "INACCESSIBLE BOOT DEVICE", ƙwaya ta tashi amma ta kasa magana da faifai. Wannan ya kan faru in an sauya saitin mahaɗin faifai, misali daga IDE zuwa AHCI, ko an koma SSD irin NVMe, manhajar kuwa ba ta shirya direbansa ba, watau ɗan shirin da ke tafinta tsakaninta da kayan. A Linux, in aka tsaya a wani shafi mai kalmar initramfs, ƙwaya ba ta sami babban sashe ba. In kuwa ta tsaya tana ƙirga daƙiƙa 90 kafin ta ci gaba ko ta faɗa halin gaggawa, wani layi ne a fstab ke jiran sashen da babu shi.

6. Gyara

Doka ta farko, a cire tsohon faifai a ajiye shi gefe, kada a rubuta kome a kansa. Ta biyu, a tanadi filashi mai tashi da kansa, na Windows ko na Linux gwargwadon abin da za a gyara, a kuma tashe shi ta hanyar da manhajar ke bi, BIOS ko UEFI. Ta uku, a sauya abu guda a gwada kafin a taɓa na biyu.

Ga Windows, a tashi daga filashin a buɗe shafin umurni. Da diskpart a ke jera sassa a gane wanne ne na Windows, gama a nan ba lalle harafinsa ya zama C ba. In faifan GPT ne, a bai wa sashen EFI harafi, a ce S. In babu shi, a yanka sabo a tsara shi da FAT32. In an sami Windows a D, umurnin shi ne bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Wannan ya kan zuba sabon jagora ya rubuta sabon kundin BCD mai kwatancen gaskiya, ba ya kuwa taɓa takardun kowa. In faifan MBR ne, a ɗora alamar tashi kan sashen jagora, a sabunta gurbin farko da bootrec /fixmbr, sa'an nan a yi bcdboot da kalmar BIOS a ƙarshe. Matsalar direba kuwa, a mayar da saitin mahaɗin faifai yadda ya ke a da. Faifan da aka kulle da BitLocker yana iya neman mabuɗinsa mai lamba 48 bayan ƙaura. Wanda bai tanade shi ba kada ya fara.

Ga Linux, umurnin blkid ya kan jera lambobin shaidar sassa yadda su ke yanzu. A haɗa sabon sashe, a buɗe fstab, a gwama layi da layi, a musanya kowace tsohuwar lamba da sabuwa, kada a manta da sashen musaya da na EFI. Daga nan a haɗa jakunkunan dev da proc da sys a cikinsa, a shiga da umurnin chroot, watau a mai da sabon sashe kamar shi ke mulki. Sai a yi grub-install don a zaunar da jagora; a hanyar BIOS sunan faifai duka a ke ba shi, ba na sashe ba. A Ubuntu da Debian, update-grub ke sake rubuta grub.cfg, update-initramfs kuma ya sabunta ƙunshin da ƙwaya ke tashi da shi. A hanyar UEFI, efibootmgr ya kan nuna jerin da ke ƙwaƙwalwar allo, a ga ko sabon jagora ya shiga. In tilas ne tagwaye su zauna tare, tsohon ya fi dacewa a sauya wa lamba, bayan an tabbata sabon yana tashi shi kaɗai.

Masu kula da ɗakunan jarrabawa da na koyarwa, waɗanda kan kwafi manhaja guda su zuba a na'urori masu yawa, su tuna cewa jerin ƙwaƙwalwar allo ba ya bin kwafi, don haka dogaronsu ga ƙofar nan ta BOOTX64.EFI ne. Windows kuma tana da umurnin Sysprep, wanda ke tuɓe wa manhaja sunanta da shaidarta kafin a kwafa, don kada na'urorin su tashi duka da suna guda.

7. Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa faifai, a kwashe takardun mai shi a wani wuri na uku. A rubuta a takarda ko jadawalin MBR ne ko GPT, da yawan sassa da girman kowanne da lambobinsu, a kuma ɗauki hoton shafin saituna da waya. Kada a fara kwafi sai batir ya cika ko akwai wutar da ba za ta yanke ba. A kwafi ƙananan sassa tare da manya. Tashin farko kuwa a yi shi da sabon faifai kaɗai, tsohon ya zauna a aljihun tebur har sai sabon ya yi kwanaki yana aiki.

Akwai lokacin da fomatin ya ke wajaba, kamar in tsohon faifai ya riga ya rube aka kwaso ruɓarsa, ko ƙwayar cuta ta ci manhajar. Amma wannan hukunci ne na ƙarshe, bayan an bi hanyar daki-daki an kuma tsamo takardun jama'a. Na'urar da ta tashi jiya ta ƙi tashi yau don an sauya mata mazauni, galibi abin da ta rasa bai wuce layi ɗaya ko biyu na kwatance ba. Mai gyaran da ya san wa ke miƙawa ga wa, ya kuma saba tambayar wa ya yi magana ta ƙarshe, zai gama aikin a shagonsa a Daura ko Mai'aduwa, ya mayar wa mai kaya kayansa cif.